Taragon Ƙarshe na Malam Abdulgani

Yayana Malam Abdulgani, Allah ya jiƙansa da rahama, shekara ashirin da bakwai ya yi yana haɗa taragu a tashar jirgin ƙasa ta Kano, kuma ba a taɓa cewa ya tura tarago inda ba a nufe shi ba. Sau ɗaya tak ya yi kuskuren jeri a rayuwarsa. Shi ma ba a tasha ya yi ba, a ɗakin matarsa ya yi shi, a gidanmu na Fagge, ina tsaye ina kallo. Ni ce ƙanwarsa Yakaka. Idan kun taɓa jin ana zancen wata Babarbariya mai baki a Fagge, to ba kowa ake nufi ba sai ni. Aurena biyu, duka bakin nan ne ya kashe su, shi ya sa a shekarun da zan ba ku labari ina zaune a gidan Yaya, ina cin tuwonsa ina ƙorafin miya.

Kakanmu ne ya zo daga Borno da fataucin kanwa, ya ga Fagge ta yi masa, ya sauke kaya bai sake ɗauka ba. Kafin a zo kanmu barbarcin ya zube, sai na gaisuwa da na zagi, ni kuwa na biyun na fi riƙewa. Yaya dogo ne, siriri, ba ya sakin magana sai ya juya ta a baki. Hannunsa na hagu yatsa huɗu ne, ƙarfen tarago ya cinye ƙaramin tun yana sabon shiga aiki. A reluwe ya koyi boko, don kowane tarago da katinsa a jiki, wanda bai iya karanta katin ba kuwa ba zai san inda zai kai shi ba. Daga katin tarago ya koma karanta duk takardar da ta faɗo hannunsa, har wadda aka ƙunso masa tsire a ciki. Daga nan cutar ta yi gaba, ya ce shi ma littafi zai rubuta.

Aikinsa, in ba ku sani ba, shi ne jera taragu kafin jirgi ya tashi. Ba kara-zube ake haɗa su ba. Wanda za a ajiye a Ringim daban, wanda zai wuce har Nguru daban, kowanne sai an sa shi inda za a cire shi ba tare da an wargaza sauran ba. Can a wutsiya kuma akwai taragon gadi, mai jar fitila. To, wata rana a daminar alif ɗari tara da hamsin da shida sai ga Yaya ya shigo da damin tsofaffin katunan tarago da aka yar, ya huda kowanne da ƙusa, ya ɗaura igiyar rama daga bango zuwa bango a ɗakin matarsa Zara, don shi ne kaɗai ɗakin da ba ya yoyo. Ya zauna yana rubutu a bayan katunan yana ratayewa.

Na ce, “Yaya, kilishi kake shanya ko laya kake haɗawa?”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Jirgi nake haɗawa, Yakaka. Labari jirgi ne. Wannan na farko shi ne kan jirgi, abin da mutum yake nema, shi ke jan komai. Kowane kati kuma abu uku nake rubutawa a kansa: inda ya fito, kayan da ya ɗauko, da inda za a sauke shi. Tarago babu kaya ba ya shiga jirgina. Wanda bai saƙalu da na gabansa ba, shi ma waje.”

“Wannan mai jan zaren fa?”

“Taragon gadi ke nan, ƙarshen labari. Shi na fara rubutawa. Mahaukaci ne kaɗai ke tayar da jirgi bai san inda za shi ba.”

Na ƙirga su, kati goma sha biyu cif. Ku riƙe lissafin nan.

Sai in gaya muku wace ce Zara, don ba don ita ba da ban buɗe baki ba. ’Yar Nguru ce, gajeriya, mai dariya da ido. Turaren wuta take haɗawa, irin wanda idan ta turara zane sai a wanke shi sau uku ƙamshin na nan. Ni da ba na zama lafiya da kowa, shekara shida muka yi gida ɗaya ba mu taɓa sa-in-sa ba, kuma ba haƙurina ba ne, nata ne. Haihuwarta uku, duka ta binne. Maza biyu tun suna goye. Ta ukun, Fanta, ta kai shekara biyar, har ta fara taya ta tsince itacen turare, ƙyanda ta ɗauke ta. Tun daga ranar Zara ba ta ƙara kiran sunan ba, mu ma ba mu kira a gabanta. Bayan nan tari ya kama ta. An sha saiwa, an sha rubutu, an je asibiti an karɓo ƙwayoyi, tarin ya ce ba inda za shi. Hayaƙin turare ya gagare ta, ta kife kaskonta, ta koma kwance tana kallon igiyar da mijinta ya ɗaura mata a ka.

Ita ta ce masa, “Malam, tunda a ɗakina jirgin naka ya tsaya, ai ni ce fasinjar farko.”

Haka aka fara. Duk Juma’a bayan la’asar sai ya ciro kati ɗaya, ya zauna a bakin gadonta, ya ba ta labarin abin da ke ciki. Sai ya ga inda ta yi dariya da inda ta yi shiru, sannan ya je ya rubuta shi dalla-dalla a takarda. Labarin wata yarinya ne, Zinariya, ’yar shekara tara, ’yar mai sayar da fura a tashar Nguru. Ta shiga wani tarago tana neman inuwa, barci ya sace ta a kan buhuna, ta farka jirgi ya yi nisa da ita. Abin da take nema ɗaya ne, ta koma wurin uwarta. Uwar kuma duk ranar da jirgi zai shigo tana tsaye a tasha da ƙwaryar fura a rufe.

Ni tun ranar farko na ga abin da zai faru. Da Fanta tana raye, da a lokacin nan shekararta tara. Zara ta rungumi yarinyar nan ta cikin kati kamar daga cikinta ta fito. Tsakiyar mako sai ta ce da ni, “Yakaka, ko Zinariya ta samu abin rufa? Kin ga ruwan nan da aka yi jiya.” In ce, “Ke dai Zara da neman magana, yarinyar da Yaya ya ƙaga da bakinsa?” Sai ta yi murmushi ta ce, “To, bakin nasa ya ba ta zane mana.” Kuma wallahi Juma’ar da ta biyo sai da wata tsohuwa a tashar Malam Madori ta ba ta zane.

Abin mamaki, matar da ake fama da ita ta sha kunu cokali uku, ranar Juma’a sai ta tashi zaune, ta sa in taje mata kai, ta ci burabusko da miyar yakuwa har ta nemi ƙari. Ni na gani, Yaya ma ya gani. Ashe ganin nan ne zai zame mana masifa.

Aka yi kati na takwas, aka yi na tara. Saura uku. Wata safiya ina shara na ɗaga kai, sai na ga igiyar ta yi ciki, ta saki kamar an rataya mata jiƙaƙƙen bargo. Karatu ne ban iya ba, ƙirga kam na iya. Sha bakwai. Tsakanin na tara da mai jan zare an cusa sababbi guda biyar. Zinariya da ta kusa hawa jirgin gida, sai ga shi ta hau na kudu bisa kuskure, ta tsinci kanta a Zariya. Daga Zariya wata mai tuwo ta riƙe ta tana wanke-wanke. Daga nan ta yi zazzaɓi. Daga nan ta warke. Daga nan aka sace mata zanen. Kafin rani ya tsaya katunan sun kai ashirin da biyar, Yaya ya ƙara igiya ta biyu.

Zara ta fara tambaya. “Malam, ba sai ka ba ni duka ba. Kalma ɗaya kawai. Ta koma ko ba ta koma ba?”

Sai ya ce, “Tarago ba ya tsallake tarago, Zara. Sannu ba ta hana zuwa.”

Ni kuwa daga tsakar gida in ɗaga murya in ƙarasa masa, “Sai dai a daɗe ba a je ba!” Ya yi kamar bai ji ni ba.

Na taɓa ce mata, “Bari in ciro katin nan in kai wa wani mai boko a zaure ya karanta mana, mu huta.” Ta kama hannuna ta ce, “Kul. Kayan mijina ne. Daga bakinsa na faro, daga bakinsa nake so in ƙarasa.”

Takardun da Yaya ya rubuta, wurin abokinsa Celestine ake kai su a buga. Celestine mutumin kudu ne, Kirista, a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu ’yan birni. Akawu muke ce masa. Yana da tafireta a wata baranda kusa da kasuwa, yana buga wa mutane wasiƙu da takardun neman aiki. Tun suna samari suke tare da Yaya, har rigimar nan ta hamsin da uku da ta shiga tsakanin Fagge da Sabon Gari ba ta raba su ba. Da jikin Zara ya yi tsanani Yaya ba ya son nisa da gida in ya taso aiki, sai ni nake yafa gyale in kai takardun.

Ranar da na kai masa takardun kati na ashirin da shida, Akawu ya karanta, ya cire tabarau ya ajiye a kan tafireta.

Ya ce, “Yakaka, ki gaya wa yayanki jirgin nan ya yi nauyi. Tun daga Zariya taragun da yake saƙalawa babu komai a ciki. Yarinya ta yi zazzaɓi, ta warke, ta koma inda take. Shi da bakinsa ya koya mini tarago babu kaya ba ya shiga. Yanzu yatsuna ne kawai suke wahala.”

Na ce, “Akawu, kai ka san ƙarshen?”

Ya ɗauki tabarau ya hau gogewa.

“Ka sani ke nan.”

“Shi na fara bugawa. Tun bara.”

“To faɗa mini. Ta koma ko ba ta koma ba?”

Ya ce, “Ya sa na ɗora hannu a kan littafin addinina na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Ba zan karya ba.”

Jama’a, ranar nan Sabon Gari ta ji muryata. Ban bar masa komai ba, daga tabarau har tafireta. Na ce mace tana can tana tofar da jini, ku kuna wasan ’yartsana da kati. Na ce Allah ya isa tsakaninmu da boko. Masu ɗinki na barandar suka tsayar da kekunansu suna kallo. Bawan Allah bai rama ba, sai da na gaji don kaina ya ce, “Duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ba ni za ki zaga ba. Je ki ce masa in ji ni, ya cire taragun banzan nan ya kai matar nan gida.” Na ga idonsa ya kawo ruwa, shi ne kawai ya sa na yi shiru.

Ban jira ya shigo gida ba, a zaure na tare shi da yamma, ko takalmin aiki bai cire ba. Na zazzage masa saƙon Akawu, na ɗora nawa. Na ce, “Yaya, kai da ka ce sha biyu, yau ashirin da shida. Wace irin mugunta ce wannan?”

Ya zauna a dakali, ya daɗe yana murza gurbin yatsan nan nasa da babu. Sannan ya ce, “Yakaka, shekara nawa ina aikin tasha? Ban taɓa ganin jirgi ya isa ba fasinja ya ci gaba da zama a ciki. Sauka yake yi. Ranar Juma’a kaɗai take cin abinci. In na ƙare labarin nan, me za ta jira?”

Jikina ya yi sanyi, amma bakina bai yi ba. Na ce, “Astagfirullah, Yaya. Kati ne yake riƙe da rai? In wa’adi ya yi, ko igiya goma ka ɗaura tafiya za ta yi.”

“Na sani.”

“To?”

“Na sani, amma hannuna ya ƙi.”

Ban taɓa jin tausayin namiji ba kamar ranar, ban kuma taɓa jin haushin wani kamarsa ba. Na matsa masa, na matsa masa, har ya ce to, ya ji, a ba shi ɗan lokaci ya juyo da jirgin, don ba a juya jirgi a tsakiyar daji. Ɗan lokacin nan sai da ya ci kati biyar. Talatin da ɗaya. Muka shiga bazarar hamsin da bakwai, zafi kamar a kasko, Zara ta koma ƙashi da fata, ko Juma’ar ma yanzu ruwan kunu kawai take iya haɗiya. Ranar wata Lahadi ya dube ta, ya fito ya same ni a madafa ya ce, “Juma’ar nan zan ƙare. Na cire sauran.” Na ce Allah ya kai mu. Ban gaya mata ba, don ya ce shi zai yi mata albishir da kansa.

Ranar Laraba da hantsi, yana wurin aiki, ta kira ni. Muryar sai na kai kunne.

Ta ce, “Ciro mini mai jan zaren.”

Na ciro na sa mata a hannu. Ta juya shi gaba, ta juya baya, ta shafa rubutun da babban yatsa. Ga mu mu biyu, mata manya, ga amsa a tafin hannunmu, ba wadda ta san ko a miƙe katin yake ko a kife. Na ce bari in ruga in samo mai karantawa, yanzu-yanzu zan dawo. Ta riƙe bakin zanena.

“Kada ki bar ni ni kaɗai. Ba sai an karanta ba, Yakaka, na riga na gane.”

“Kin gane me?”

“Yarinyar nan ba ta koma ba. Mutuwa ta yi a hanya. Shi ya sa yake ta kewaye-kewaye da ni, Zariya yau, Kaduna gobe. Tausayina yake ji. Da alheri ne a katin nan, da tuni ya faɗa mini. Wa ke ɓoye wa mara lafiya albishir?”

Na ce, “Haba Zara, wallahi ta koma!”

Ta dube ni da idon nan nata ta ce, “Ke da ko bihim ba ki sani ba? Kada ki yi rantsuwar banza saboda ni.” Sai hawaye. Ta ce, “Uwar nake tausayi. Tana can tsaye da fura. Ba wanda zai je ya ce mata ta daina jira.” Ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba tun ranar da aka fita da Fanta, kuma a cikin kukan, karo na farko a shekara biyar, na ji ta kira sunan. Da ta lafa ta ce, “Mayar masa da katinsa inda yake. Kuma ki yi mini alkawari, kada ki gaya masa na gane. Ya sha wahala yana ɓoyewa.”

Na yi mata alkawari. Na ce mata ai Juma’ar nan ma zai ƙare, shi ya gaya mini. Ta ce, “Allah sarki Malam.” Kafin azahar, Zara ta cika, kanta a cinyata.

Aka yi jana’iza da la’asar. Akawu ya zo ya tsaya daga nesa da hularsa a hannu har aka dawo daga maƙabarta. Yaya bai yi kuka a gaban mutane ba, yana karɓar gaisuwa yana cewa sai haƙuri, kamar shi ya zo yi wa wasu ta’aziyya.

Da na riƙe bakina, da labarin nan a nan ya ƙare, da kuma na fi haka kwanciyar rai a tsufana. Ranar sadakar bakwai, mutane sun watse da yamma, na shiga ɗakin Zara in kwashe kwanuka, na tarar da shi zaune a bakin gado yana kallon igiya. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Abu ɗaya ne ke sanyaya mini rai, Yakaka. Ta tafi tana sa rai. Har ta cika tana jiran Juma’a. Ko ba komai, wannan na yi mata.”

Ban san lokacin da kwanukan suka bar hannuna ba. Kwana bakwai ina haɗiye abin nan, ga shi yana yabon kansa. Na ce, “Sa rai? Wane sa rai? Ta mutu tana kukan Zinariya! Ta ce yarinyar mutuwa ta yi, shi ya sa kake ɓoyewa. Ta riƙe katinka a hannunta tana kuka tana kiran Fanta. ’Ya’ya uku ta binne, kai ka sa ta binne ta huɗu! Ga abin da ka yi mata!”

Magana zarar bunu ce. Tun kafin in rufe baki na san na kashe mutum.

Ya juyo a hankali. Fuskar nan ba zan manta da ita ba har a sa ni a kabari. Ya ce, “Ta koma, Yakaka.” Muryarsa kamar ta yaro. “Ta koma. Tun ranar farko ta koma.”

Ya tashi ya kwance igiyoyin nan biyu, ya zare katunan ɗaya bayan ɗaya, ya jera su bisa tsari, don ko a ranar hannunsa bai iya hargitsa jeri ba. Ya ɗaure su ya sa a ƙarƙashin kaskon turaren Zara. Mai jan zaren kaɗai ya miƙo mini. Ya ce, “Riƙe. Ni ba zan iya kallonsa ba.”

Bai ƙara rubuta ko harafi ba sai na aiki. Akawu ya yi ta zarya Fagge, ya kawo masa takardun da ya buga a ɗinke da zare, ya ce a cire na banzan a bar sha biyun asali, littafi ne mai kyau, a aika Zariya wurin masu buga littattafai. Yaya ya ce masa fasinjar da aka haɗa jirgin dominta ta sauka. Ya ci gaba da zuwa tasha yana dawowa, bai ƙara aure ba, bai kuma taɓa ce mini don me ba. Na roƙe shi gafara ya fi sau ashirin, kullum sai ya ce, “Me kika yi? Gaskiya kika faɗa.” Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na saɓa wa mamaciya alkawari, na ƙwace wa rayayye ɗan abin da yake dogarawa da shi, duka a numfashi ɗaya.

Katin na ƙulle a bakin zane, daga baya na sa a cikin adaka. Da na so, Akawu zai karanta mini a tsaye, ai rantsuwar ta faɗi. Ban kai masa ba. Na tuna mu biyu a ɗakin nan muna juya kati kamar makafi, na ce wannan rubutun da idona zan karanta shi. Da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a unguwarmu a hamsin da tara, ni ce ta fari a layi, da furfurata, ina faɗa da malama kullum. Wata bakwai na yi kafin in iya haɗa baƙi da wasali. Ranar da na ga zan iya, na dawo gida da azahar, na shiga ɗakin Zara, na zauna inda Yaya yake zama, na yi ta tuntuɓe a kan rubutunsa har na kai ƙarshe. Ga abin da ke jiki, ban ƙara ba ban rage ba:

“Taragon gadi. Inda ya fito: hanya mai nisa. Kaya: Zinariya, lafiya lau, ta ƙara tsawo. Inda za a sauke: Nguru, da hantsi. Uwar tana tsaye inda ta saba. Ba za ta yi kuka ba, ba za ta yi faɗa ba. Za ta buɗe ƙwarya ta ce, kin daɗe, zo ki sha, na dama miki. A yi maganar da muryar Zara.”

Na karanta da ƙarfi, sau biyu, ina fuskantar gadon. Babu kowa a kai sai tabarma a naɗe.